Gado Na Tara

Ba na taɓa ta sai na yi sallama,
in faɗi sunana, ko da ta riga ta sani.
"Hamdiya ce, Mma, zan ɗaga mayafin."
Sai ta ce, "Tun daga bakin ƙofa na ji ki,
takalminki na hagu yana kuka kamar ɗan tsako."

Shekara talatin da ɗaya Mma Barikisu
tana dama koko a bakin titin Aboabo,
direbobin Kumasi suna layi da kofunansu tun asuba.
Ciwon sukari ya shige ta kamar gara a azara,
bai yi ƙara ba, bai ta da ƙura ba.
Ya fara da idanu.
Da ya gama, ya sauka ƙafafu.

Ƙusa ce ta kawo ta wurinmu.
Kwana huɗu tana taka ta cikin silifa,
ta je kasuwa, ta je suna, ta je gaisuwar mutuwa,
sai jikarta ce ta ga jini a kan sallaya.

Na ɗauko ɗan siririn zaren gwaji.
"In kin ji na taɓa, ki ce e."
Babban yatsa, shiru.
Tsakiyar tafi, shiru.
Dunduniya, shiru.
Wuri goma na taɓa, fanka kawai ke magana.
Can ta gyara kallabi ta ce, "To, ki fara mana."
Ban iya ce mata na gama ba.

Tun ranar gwiwar hannuna ce fatarta,
ita nake tsomawa a ruwan wanka kafin nata jiki.
Idona ne ke leƙa tsakanin yatsunta.
Duk awa biyu in juya ta,
don katifa ma tana cizo, ba za ta ji ba.
In abinci ya zo, in kama hannunta mu zaga faranti:
tuwo gabanki, miyar ayoyo a dama, ruwa a hagu.
Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska.
"Mai girkin nan sun yi faɗa da gishiri?"
Harshe dai yana nan daram, har da kaifinsa.

Daren Talata, ƙarfe biyu da wani abu,
wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.
Wayata na can kan tebur, ban san ina tebur yake ba.
Na tsaya tsakiyar ɗaki, hannu a miƙe,
ni da na san ɗakin nan shekara shida.

"Hamdiya, kada ki yi hagu, akwai bokiti.
Taku bakwai gaba.
Ruwan da aka rataya wa Maame Serwaa ya daina ɗiga,
kuma numfashin yarinyar gado na huɗu ya canja,
ki fara da ita."

Na fara da ita.
Muryar Mma ce igiyata har aka kawo fitila,
tana ƙirga min taku kamar mai ƙirga canji.

Da safe na zauna cike takarda.
Gani: babu.
Jin taɓi a ƙafa: babu.
Na juya shafin, na sake juyawa,
ban ga gurbin da zan rubuta daren jiya ba.

Ta kira ni daga gadonta.
"Kokon da ake sayarwa a bakin get ɗin nan,
citta ta yi masa kaɗan, daga nan nake jin ƙamshinsa.
Ki faɗa wa mai shi.
Sannan ki zo ki duba min ƙafar,
ki gaya min ko tana ciwo."