Riguna Biyu a Igiya

Ni ne Eleutério mai wankin riguna,
shekara talatin da ɗaya a ɗakin ƙarƙashin filin wasa,
inda warin sabulu ke kokawa da gishirin teku.
A garinmu na bakin ruwa, can arewacin Fotugal,
kifi ke kawo kuɗi, ƙwallo ta cinye.

Telmo a hannuna ya tashi.
Na san shi tun riga na sauko masa har gwiwa,
uwarsa na jera sardin a gwangwani,
shi yana dukan bangon masana'anta
har maigadi ya haddace sautin ƙafarsa ta hagu.
Yanzu sha takwas,
gudu kamar wanda masu bashi suka biyo,
sai dai kai na baya, ƙafa na gaba.

Da muka sha kashi shida a jere,
Albano mai kulob ya buga tebur:
"Yaro man kaza ne, rana kaɗan ya narke."
Ya sayar da jirgin kamun kifi guda
ya kawo mana Anselmo Varela,
talatin da shida, furfura a gemu,
gwiwa ɗaya da ƙusa, ɗaya da addu'a.

Gari ya rabu.
A shagon aski suka ce da tsohuwar zuma ake magani.
A bakin jirage suka ce mun sayi suna,
mai sunan ya daɗe da barin jikin.
Ni ban ce komai ba, riga nake karantawa.
Ta Telmo laka ce har wuya,
ta Anselmo warin man zafi, babu ko ɗigon ciyawa.

Wasan ƙarshe, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Maki ɗaya muke nema kada mu faɗa rukunin ƙasa,
ga ɗaya a ragarmu tun minti na tara.
Sau uku Telmo ya ruga, sau uku tuta ta tashi,
satar gida.
Anselmo yana tafiya kamar mai duba gona,
'yan kallo na zagin kakanninsa.

Minti na saba'in ya kamo yaron ta ƙeya,
ya faɗa masa wani abu a kunne.
Ban ji ba. Har yau ban tambaya ba.

Saura shida a tashi,
tsohon ya karɓi ƙwallo, bai ko ɗaga ido ba.
Telmo kuwa ya tsaya.
Karo na farko tun da aka haife shi, ya tsaya,
numfashi ɗaya,
sannan ya ɓalle.
Ƙwallon ta same shi a inda aka yi alkawari,
raga ta girgiza ruwan da ke jikinta.

Ba mu ga lokacin da Anselmo ya zauna a laka ba.
Mutum huɗu suka fitar da shi,
yana riƙe da gwiwar addu'ar.

Sati biyu, masu kwat suka zo daga babban birni,
suka tafi da Telmo a bayan mota.
Kuɗinsa ya biya sauran albashin tsohon
da likitan da zai buɗe gwiwar.
Jirgin dai bai dawo ba.

Jiya Albano ya leƙo ɗakina,
yana son in ce shi ne da gaskiya.
Na miƙa masa kwandon safa ya riƙe mini.
Riguna biyu na igiya, tara da takwas,
babu mai su, iska kawai ke sawa.

Daga nan ina jin wani bugu a bangon masana'anta,
ƙafar dama ce wannan karon.
Maigadi ya ce ɗan Graciete ne, shekararsa tara.
Na cire ƙaramar riga daga akwati,
za ta kai masa gwiwa.