Gadon Baba

Da aka zo rabon gado, Ƙasimu ya tura babur,
Jummala ta ɗauki keken ɗinki,
ni aka nuna mini akwatin bayan gida
wanda ba mai son jin nauyinsa:
mesa, ƙafa goma sha ɗaya.
Baba ya tsince ta tana kamar igiyar guga
a bakin Kubanni, wata damina mai ambaliya,
ya sa mata Lami, don ranar Alhamis ce.

Kwana arba'in ba ta karɓi ko ɓera ba.
Ran da na ɗaga murfi
ta ja wuya baya kamar an ɗana baka,
ta yi hucin tayar da ƙusa ta huda,
kafin in ce wayyo
haƙora sun shige dantsena, jere, masu lanƙwasa.
Ɗinki bakwai aka yi mini a Shika.
Malamar jinya ta ce, "Kare ne?"
Na ce, "Gado ne."

Gyallesu ta cika da shawara.
A kai ta Sabon Gari, dukawa na biya da kyau.
A sake ta a gindin Kufena da dare.
Wani gardi ya zo daga Tukur-Tukur
da ƙullin gari, ya ce in sha, in shafa.
Na sha, na shafa.
Ta kama ni a babban yatsa.

Sai wata asuba, ina alwala, na tuna
Baba bai taɓa zuwar mata ta sama ba.
Ta sama shaho ke zuwa.
Durƙusawa yake yi, gwiwa na ƙara,
ya fara shafa bayanta da sandar gora
kamar mai sallama a zaure,
ya jira.
Ni kuwa na zo da ƙarnin kaza a hannu,
tsaye, da gaggawa,
irin zuwan mai karɓar bashi.

Na ciro taguwarsa da ba a wanke ba,
mai ƙanshin goro da man zafi,
na shimfiɗa mata a lungu.
Na wanke hannu da sabulun salo har gwiwa.
Kullum bayan la'asar,
kujera 'yar tsuguno, sanda, shiru.
Ta kai wa sandar sara sau tara a makon farko,
na biyu sau huɗu.
Na daina ƙirga ran da ta zaro harshe kawai
ta ɗanɗani iskar da ke tsakaninmu.

Da idonta ya yi hazo, saɓa ta gabato,
makauniya ce, komai abokin gaba.
Na bar ta. Na ajiye ruwan ɗumi a daro.
Tsohuwar fata ta maƙale a wutsiya,
na jiƙa tsumma, na murza a hankali,
hannuna na rawa, ita ma tana ji.
Ba ta juyo ba.

Kada wani ya ce ta so ni.
Mesa ba kyanwa ba ce,
ba ta san sunanta ba, ba ta yi wa Baba takaba ba.
Ta dai gane wannan ɗumin ba ya cin ta,
shi ke nan.
Ba na ɗora ta a wuya, ba na buɗewa ni kaɗai,
Ƙasimu na tsayawa a ƙofa yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Jiya ta bi hannuna ta hau,
nauyinta kamar buhun gero mai numfashi,
ta ratsa ta kan tabon ɗinki bakwai
ba ta tsaya ba.
Jummala ta leƙo ta taga ta ce,
"Kai ma tun rasuwa ba a iya taɓa ka."
Ban amsa ba.
Na mai da Lami akwati, na sa sakata,
na je na ci tuwon da ta kawo,
wanda sau uku ina mayar mata.