Kujera Biyu a Saman Soro

Barira ce ta sayi tikitin, riyal talatin-talatin,
ta turo min saƙo ko sallama babu: "Bayan isha'i, Balad."
Wata bakwai ke nan rabonmu da doguwar magana,
tun ranar da maza suka dawo daga maƙabarta
muka tsaya a kan keken ɗinkin Inna
kamar kaji biyu a kan tsaba ɗaya.

A saman soron wani tsohon gidan Jidda aka kafa farin ƙyalle,
iskar Bahar Maliya tana kaɗa shi,
har fuskar jarumar takan lanƙwashe
kamar hoton wata a ruwan kwano.
Ba mu kai mutum hamsin ba.
Yarinyar da ta shirya fim ɗin tana tsaye can baya,
tana cizon farce.

Fim ne na masu ƙaramin ƙarfi, ba a ɓoye ba.
Sau biyu na hango inuwar makirfo a bango,
ɗakin da aka ce asibiti ne, ɗakin kwanan wani ne.
Amma daɗin miya ba ruwansa da tsadar tukunya.

Ya da ƙanwa ne, Rawan da Jumana.
Uwarsu ta rasu ta bar musu firji
cike da miyar da ta dafa ta daskarar,
roba goma sha ɗaya, kowace da rubutun hannunta.
In sun ci, ta ƙare.
In sun bari, firjin tsoho ne, yau lafiya gobe tari.
A kan wannan kaɗai aka ɗora labari.

Sai ga mai gyara, Mu'ayyad, dogo mai in'ina,
aikin zuwa ɗaya ya mai da shi zuwa shida,
kullum sai ya manta filaya da gangan.
Ranar da zai faɗa wa Jumana abin da ke ransa
kansa na cikin firji, muryarsa na fitowa da sanyi,
ga masu ta'aziyya cike da falo sun kasa kunne.
Na yi dariya har mayafina ya zame.
Kunya ta kama ni, na waiga,
Barira ma ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.
Ashe dariya ba ta ɓata zaman makoki.

Abin da ya saye ni, ba su yi mana wa'azi ba,
ba su ɗauko kiɗa ya yi kuka a madadinmu ba.
Robar ƙarshe suka ɗumama,
suka zauna a ƙasa, cokali biyu, kwano ɗaya,
minti huɗu cur babu mai cewa uffan,
sai ƙarar cokali da nishin firji.
Rawan ta ce, "Gishiri ya yi yawa."
Jumana ta ce, "Kullum haka take yi."
Take yi, ta ce,
kamar matar na nan a kicin.

Ko an ɗaura aure, ko ba a ɗaura ba, fim ɗin bai faɗa ba.
Bai kuma ce baƙin ciki ya wuce ba,
ya dai nuna yadda ake matsawa
a ba shi wuri a tabarma.

Da aka kunna fitilu, yarinyar nan ta fito gaba da rawar murya,
ta gode wa gwaggonta da ta ara musu gida.
Muka tafa har tafin hannu ya yi zafi.

A ƙasa, lungu na ƙamshin turaren wuta da soyayyen kifi.
Muka tsaya gun mai ful, ba wadda ta ce a tsaya.
Barira ta yago gurasa, ta miƙo min babban ɓangaren,
ta ce, idonta a kan kwano,
"Keken nan zare yake tsinkewa a hannuna.
Ke kika san halinsa. Ki zo ranar Alhamis."
Na ce, "Allurar ce, a baibai kike sa ta."
Ta ce, "Haka Inna take cewa."