Kalmomi Masu Tauraro

A Auyo, ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwa,
Baffa Sallau ke gyaran injin ban-ruwa.
Karatun tarakta ya kai shi Rasha yana saurayi,
ya dawo da takardar shaida, da tari,
da wani littafi da babu ruwansa da inji.

Ni ke miƙa masa sifana.
In ciniki ya yi sanyi sai ya buɗe shi da yatsu masu baƙin mai,
kowace kalma da ɗan tauraro a goshi.
Ya ce, tauraron nan shaida ne
cewa alƙalami bai riske ta da rai ba.
Daga bakin jikoki aka harhaɗo kamanninta,
yadda ake gane hancin kaka
a fuskar yaran gida goma.

*Voda, ruwa.
Na ce boda, ya yi dariya har tarin ya tashi.
In ita ke gudu, haka take.
In ka ɗebo ta, wutsiya ta sauya.
In kiranta kake daga nesa: *vodo!
Kai ɗaya, wutsiya iri-iri.

*Mati, uwa.
Amma ka ce abin uwa ne,
sai wani harafi ya faɗo daga ɓoye, *matere,
kamar kwabon da aka ƙulle a bakin zane.

Ya ce tsakanin ɗaya da yawa
mutanen nan sun gina wa biyu ɗakinsu daban:
ido biyu, hannu biyu, shanun huɗa.
Yawancin jikoki sun bar ɗakin ya zube.
Nan ya rufe littafin.
Tun rasuwar Hansai, kwano ɗaya ake kai masa.

Ran Laraba muka je wurin Iya Tambai
neman tsohon harshen garinmu, wanda Hausa ta haɗiye.
Ta ce kakarta na da wata kalma ta korar awaki.
Ta motsa leɓe.
Ta sake motsawa.
Ta ce, ɗan nan, ta bi haƙorana.

Baffa ya zana tauraro a bayan rasit,
ya bar gabansa fari.

Da la'asar injin Ɗanlami ya tashi a ja na huɗu.
Ruwa ya bi kwalbatin albasa,
bai tsaya jin sunansa ba.