Gida Mai Taya Huɗu

Mun kwana a gindin dutse, kusa da Otira,
ruwa na bugun rufi kamar mai bin bashi.
Da asuba Glenys ta ɗora buta,
ta goge taga da hannun riga,
ta ce, "Rawiri, taso ka ga ɓarawo."

Akun dutse ne, kore, ja a ƙarƙashin fiffike,
ya hau motar kamar shi ya biya kuɗinta,
yana yagar robar goge gilashi
da baki kamar lauje.
Na tafa hannu. Ya karkata kai,
ya auna ni da ido ɗaya, ya koma aikinsa.

Shekara talatin ina gyaran injin jirgi a Lyttelton,
ba a taɓa raina ni haka ba.

Da hantsi muka gangara Hokitika.
Na juye tankin ruwan wanke-wanke,
ta sayo burodi, zuma, da sabuwar roba.
A bakin teku ta tsinci icen da ruwa ya tofar,
wai ya yi kama da hancina.

Gidanmu taku shida ne, daga gado zuwa sitiyari.
In an yi faɗa, ba ƙofar da za a bugo,
sai a zauna, gwiwa na gugar gwiwa,
har shayi ya huce, fushi ya bi sahu.

Da magariba muka sake hawa dutsen.
Na naɗe robar da tsohuwar safa.
Ita kuwa, ina kallonta,
ta bar labule a buɗe,
ko ɓarawon nata zai dawo.