Fuskar Da Ta Tsaya

Bayan isha'i, a gidanmu na Garkawa,
Inna Fassuma ta ɗaura kallabinta na salla,
ta zauna bisa tabarma kamar mai jiran baƙi.
Tsahiru zai kira daga Abijan,
zai nuna mata ɗiyar da aka haifa ran Laraba.

Salula ta yi ƙara.
Ga fuskarsa, ga fitilar shagonsa a Ajame,
ya buɗe baki zai ce "Inna",
sai bakin ya tsaya a buɗe.
Wani rubutun Faransanci ya hau goshinsa,
ƴar ƙawanya tana juyi, tana juyi,
kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

"Me ya ce?" in ji Inna.
Na ce ba shi ba ne, salula ce ke magana:
rezo ya yi rauni, a ɗan jira.
Ta ce, "Shekara huɗu ina jira,
yau ƙarfe zai koya mini?"

Na duba sanduna, biyu suka rage,
ɗayar ma tana raurawa kamar haƙorin tsoho.
Na taɓa ɗan jirgin sama, na ƙirga goma,
na sake taɓa shi ya sauka.
Na duba forfe, jikka guda na zuba da la'asar,
ko rabi ba a ci ba.
Na rufe duk tagogin da Zabeiru ya bari buɗe,
kokowa, ƙwallo, wani mai wa'azi.
Na kashe ta ɗungum, na kunna,
na koma kan pus na biyu,
wanda nake ajewa don rana irin wannan.

Ƙawanya dai tana juyi.

Na fita tsakar gida, na je gindin dogonyaro,
na je bakin garkar awaki,
daga baya na jingina tsani, na hau soro,
hannuna sama, wuyana a miƙe.
Malam Bizo ya leƙo ta katanga,
ya ce, "Lafiya? An ga wata ne?"

Can sama sanduna huɗu suka cika,
Tsahiru ya motsa, ya yi dariya, ya ɗago zane fari.
Amma Inna na ƙasa,
gwiwoyinta sun daɗe da rabuwa da tsani.
Rezo na soro, mai kallo na tabarma,
ni tsakani, ban san wa zan kai wa wane ba.

Ya ce, "Nan ma ruwa ake tun magariba,
ba laifin Tawa kaɗai ba ne.
Sauka, ka kashe kamara,
murya ba ta da nauyi, za ta wuce."

Na sauka. Na kashe.
Gilashi ya yi baƙi, murya ta fito tas,
har ana jin ruwa bisa kwanon shago.
Sai jaririya ta tsala kuka.
Inna ta karɓe salula da hannu biyu,
ta manna a kunne, ta rufe ido,
ta ce, "Wannan maƙogwaron na gidanmu ne,
haka ubanta ya hana unguwa barci."

Da aka gama, ina naɗe wayar caji,
ta ce, "Lokacin da ya tsaya ɗin nan,
kana can kana danne-danne,
ni na dube shi.
Akwai furfura a gefen kunnensa na hagu.
Haƙori ɗaya ya tafi.
Wuyan rigar ya yi masa yawa,
kuma yana ce mana yana ci yana ƙoshi.
Tun yana yaro bai taɓa tsayawa wuri guda
in dube shi haka ba."

Ta kwance kallabi, ta ninke shi bisa cinya.
"Juma'a in ya kira," in ji ta,
"in fuskar ta sake tsayawa,
kar ka taɓa komai tukuna."