Mutuwa Tara a Gindin Shere

Tun asuba Nanret ta dafa jinina:
zoɓo mai kauri, sitaci cokali uku.
Ta ƙulla a leda, ta manna min ƙarƙashin singileti,
ta ce, "Kada ka shanye kamar jiya."
Na ce yunwa ce, ba ganganci ba,
wanda bai karya ba ina ya ga ƙarfin mutuwa?

Ni ne na uku a yaran mugu.
Ba ni da suna a takarda, sai "mai jar hula".
Mujittafa, jarumin, yana cikin mota da bargo ana shafa masa hoda,
mu muna kan dutse muna hura hannuwa.

Bindigata katako ce, wani kafinta a Dilimi ya sassaƙa,
ni na goga mata baƙin man takalmi
har ta fi ta gaske firgitarwa.

Darakta Sabi'u ba ya son ido ya huta.
"Davou, girgiza kyamarar! Bi shi da gudu, yi tuntuɓe in ka so!
Mai kallo ya manta da gyaɗar da ke hannunsa."
Naushi kuwa iska muke duka, tazarar taki guda;
sai an koma ɗaki a sayo kabeji a Farin Gada
a yi ta nausa gaban makirufo,
a karya karas, ka ji ƙashin mutum yana karyewa.

Faɗuwar farko, wai na yi gaggawa.
Ta biyu, wai na mutu kamar mai neman wurin kishingiɗa.
Ta uku akuya ta ratso tsakaninmu tana tuƙa.
Ta huɗu girgije ya haɗiye rana, Davou ya yi tsaki.
Ta biyar jarumi ya manta maganarsa,
kalma huɗu kacal,
ni ina ƙasa, cinnaka na cizo, an hana ni motsawa.

Shida, bakwai, gwiwa ta fara ba da jinin da ba na Nanret ba.

A ta takwas aka kunna nakawut cikin garwa
don dutse ya amsa.
Ya kuwa amsa.
Can ƙasa, cikin gonar dankali,
wata tsohuwa ta yar da daro, ta suri jikanta,
ba ta waiga ba, ba ta tambaya ba.
A garin nan ƙafa ta riga kunne sanin wannan ƙara,
ba a koya mata gujewa.

"Wasa ne, Mama Kaneng! Fim ne!"
Da ƙyar aka dawo da ita, tana haki.
Ta zo ta tsaya a kaina.
Na tashi zaune, ƙirji jajawur, ina 'yar dariyar kunya.
Ta dangwali rigata, ta kai yatsa hanci,
ta ce, "Zoɓo."
Ta daɗe tana dubana.
Ta ce, "Nawa da ya faɗi, bai tashi ba."
Ta koma tsintar dankalinta ɗaya ɗaya.
Har janareto sai da ya ji nauyin yin ƙara.

Ta tara ban yi birgima ba, ban yi ihu ba,
ban dafe ƙirji ina kallon sama ba.
Gwiwa ce kawai ta saki,
kamar buhu ya zame daga bayan kura.
Sabi'u ya daɗe bai ce a tsaya ba.
Da ya yi magana, a hankali ya ce, "Wannan ce."

An ce min daƙiƙa biyu zan fito,
kuma keyata kaɗai za a gani.
Na karɓi sallamata, na hau a-daidaita zuwa Gangare.
Singiletin na nan a igiya,
wanki uku ke nan,
jan ya ƙi fita, ni ma na daina cuɗawa.